In An Rage Darajar Ƙasa Wajen Cin Bashi: Abin Da Kan Sami Kuɗinta Da Kasuwarta

Ranar Jumma'a, 4 ga watan Fabrairu na 2022, wani kamfani da ake kira Moody's, mai hedkwata a birnin New York na ƙasar Amurka, ya ba da sanarwar cewa ya sauko da ƙasar Ghana daga matakin B3 zuwa matakin Caa1 a ma'auninsa na masu cin bashi. Akasarin mutanen Ghana ba su taɓa jin sunan wannan kamfani ba, balle su san abin da waɗannan haruffa suke nufi. Amma kafin shekarar ta ƙare sai da kowane magidanci a ƙasar ya ji a jikinsa. Dalar Amurka da ake saye wajen sidi 6 a watan Janairu ta haura sidi 13 a bankuna cikin watan Nuwamba. 'Yan kasuwar Ankara, babban birnin ƙasar, suka rufe kantunansu a watan Oktoba don nuna fushinsu. Ranar 19 ga Disamba kuma gwamnati ta fito fili ta ce ta dakatar da biyan yawancin basussukan da ake bin ta a ƙasashen waje.

Abin tambaya a nan shi ne, shin sanarwar ce ta karya sidi, ko kuwa dai ta tarar da shi ya riga ya tsage? Amsar wannan tambaya ta shafi kowane mai karatu a ƙasar nan, domin kuwa kamfanonin da suka auna Ghana su ne dai suke auna Nijeriya.

SU WANE NE MASU AWON?

Duk wanda ya san yadda ake cinikin shanu a Badun ko Ikko ba zai sha wahalar fahimtar wannan al'amari ba. Falke yakan kawo shanu daga Arewa, mahauta kuma su ɗauka bashi, sai sun yanka sun sayar sa'an nan su biya. Falken baƙo ne, bai san mahautan ba, saboda haka yakan dogara ga mai gidansa da dillalansa, waɗanda suka san wanda yake cika alkawari da mai taurin bashi. Da zarar magana ta bazu cewa wane ya fara ja da baya wajen biya, to, babu mai sake ba shi sa sai da kuɗi hannu, ko kuma a tsawwala masa farashi.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gwamnatocin duniya ba su tsira daga wannan ba. In gwamnati tana son rance, takan buga takardun lamuni ta sayar wa bankuna da asusun fansho da kamfanonin inshora, bisa alkawarin za ta riƙa biyan kuɗin ruwa kowace shekara, in wa'adi ya cika kuma ta mayar da uwar kuɗi. Mai kuɗin da yake zaune a Landan ko Tokyo bai san cikin baitulmalin Ghana ko na Nijeriya ba, don haka yakan saurari kamfanoni uku da suka mamaye fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan sana'a ta awo, watau Moody's da Standard & Poor's da kuma Fitch. Sana'ar ta samo asali ne tun 1909, lokacin da John Moody ya fara buga ra'ayinsa a kan takardun lamunin kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka.

Ma'aunin nasu kamar tsani yake. Matakin ƙoli shi ne AAA, na ƙasa kuwa D, watau wanda ya riga ya kasa biya. A tsakiyar tsanin akwai wata iyaka mai muhimmanci ƙwarai. Daga BBB- zuwa sama ana ɗaukar takardun ƙasa a matsayin abin da mai hankali zai iya ajiye dukiyarsa a ciki. Daga BB+ zuwa ƙasa kuwa sai a ce kasada ce. Sai dai akwai babban bambanci tsakanin waɗannan kamfanoni da mai gidan falke. Mai gida yakan tsaya lamuni, in mahauci ya gudu shi zai biya. Masu awo kuwa ra'ayi kurum suke bayarwa, in ra'ayin ya zama kuskure ba sa mayar wa kowa ko kwabo.

INDA CIWON KAN FARA

Wurin da rage daraja kan fara taɓawa shi ne farashin takardun lamunin ƙasar. A ɗauki misalin takardar da gwamnati ta sayar dala 100, tana biyan ruwan dala 8 a shekara. In tsoro ya shiga zukatan masu riƙe da ita, kowa yana neman ya rabu da tasa, farashinta zai iya faɗuwa zuwa dala 50. Wanda ya saye ta a wannan farashi zai ci gaba da karɓar dala 8, watau ruwansa ya zama kashi 16 cikin 100 ke nan. To, in gwamnatin nan ta sake fitowa neman sabon rance, wa zai ba ta a kan kashi 8 alhali ga tsohuwar takardarta tana ba da 16? Ta haka ne kuɗin ruwa yakan yi tashin gwauron zabo, har ya kai inda babu gwamnatin da za ta iya ɗauka. A nan ne akan ce ƙofar kasuwa ta rufe.

Wannan shi ne ainihin abin da ya sami Ghana. Tun daga 2007, lokacin da ta fara sayar da takardun lamuni na dala miliyan 750 a kasuwar duniya, ƙasar ta saba da komawa wannan kasuwa a kai a kai, har bashin da ake bin ta ta wannan hanya ya kai wajen dala miliyan dubu 13. Zuwanta na ƙarshe kafin rikicin shi ne na 2021, inda ta karɓo dala miliyan dubu 3. Da waɗannan daloli ne ake cike giɓin kasafin kuɗi, a biya tsofaffin basussuka, babban banki kuma ya sami abin tallafa wa sidi. A halin da ake ciki a lokacin, kusan rabin kuɗin shigar gwamnati yana tafiya ne wajen biyan ruwa kaɗai, majalisar dokoki kuma ta rabu kusan biyu daidai, har 'yan majalisa suka ba hammata iska a watan Disamba na 2021 a kan sabon harajin aika kuɗi ta wayar hannu. Fitch ya rage darajar ƙasar a watan Janairu na 2022, Moody's ya bi baya a Fabrairu, a watan Agusta kuma Standard & Poor's da Fitch suka sake sauko da ita. Kafin ƙarshen shekara ana sayar da takardun Ghana ƙasa da rabin kuɗinsu.

YADDA KUƊIN ƘASA KAN FAƊI

Kuɗi ma haja ne kamar gero, in ya yi ƙaranci a kasuwa sai ya yi tsada. Rage daraja kan matse dala ta hanyoyi uku a lokaci guda. Ta farko, dalolin rance da aka saba gani suna shigowa sai su ɗauke. Ta biyu, baƙin da suka zuba jari a takardun gwamnati na cikin gida sai su sayar, su nemi dala su fice. Ta uku kuwa, wadda ta fi duka ƙarfi, ita ce ta 'yan ƙasa da kansu. Mai shigo da kaya yakan yi sauri ya sayi dalar da ba zai buƙata ba sai bayan wata uku, mai ajiya a banki kuma ya kwashe kuɗinsa ya nufi 'yan canji. Kowa yana gudun kada gobe ta fi yau tsada, wannan gudun kuwa shi ne yake sa goben ta yi tsada.

Babban Bankin Ghana ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 14 da rabi a farkon 2022 zuwa kashi 27 a watan Nuwamba, ya kuma riƙa sayar da dala daga taskarsa, har ajiyar kuɗaɗen waje ta ragu daga dala miliyan dubu 9.7 zuwa wajen miliyan dubu 6.2 cikin shekara guda. Duk da haka hauhawar farashin kaya ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba. Fataken zango-zango na Kumasi da Ankara, masu sayo albasa daga Jamhuriyar Nijar da dabbobi daga Burkina Faso, sun ɗanɗana kuɗarsu, domin da sefa suke biya, ita kuwa sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro, ba ta faɗi tare da sidi ba.

Gaskiya dai ba masu awo kaɗai suka jawo wannan bala'i ba. A shekarar ce yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, man fetur da alkama da takin zamani suka yi tsada, babban bankin Amurka kuma ya shiga ɗaga kuɗin ruwa, abin da ya janye jari daga ƙasashe masu tasowa gaba ɗaya. Amma wannan guguwa ta bi ta kan ƙasashe da yawa, wadda ta tarar da ƙofar rance a rufe gare ta ita ce ta fi shan wuya. Sidi bai farfaɗo ba sai a watan Disamba, da aka ji cewa gwamnatin Nana Akufo-Addo ta daidaita da Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya a kan rancen dala miliyan dubu 3.

KASUWAR HANNUN JARI

A kasuwar hannun jari, watau inda ake saye da sayar da rabon mallakar kamfanoni, bankuna su ne sukan fara shan bugu. Dalili kuwa shi ne yawancin dukiyar bankin kowace ƙasa tana cikin takardun lamunin gwamnatinta ne. In darajar gwamnati ta faɗi, ta bankunan ma takan bi ta, domin da wuya masu awo su ɗora banki sama da ƙasar da yake cikinta. Bayan bankuna sai masana'antu masu sayo kayan aiki daga waje da kamfanonin da suka ci bashi da dala. Har ila yau, in gwamnati tana ba da ruwa mai yawa a kan takardunta na gajeren wa'adi, mai kuɗi yakan ga babu dalilin da zai sa ya bar jarinsa a kamfani.

A Ghana ma'aunin kasuwar hannun jari ya faɗi da kimanin kashi 12 cikin 100 a 2022. Wannan adadi kamar bai taka kara ya karya ba, amma in aka haɗa shi da faɗuwar sidi, wadda bisa lissafin hukuma ta kai kashi 30 a ƙarshen shekara, baƙon da ya shigo da dala 100 a Janairu bai fi dala 62 zai iya fita da ita a Disamba ba. Mafi muni kuma, ranar 5 ga Disamba gwamnati ta nemi masu riƙe da takardunta na cikin gida su musanya su da sababbi masu ƙaramin ruwa da dogon wa'adi. Bankuna da dama suka rufe shekarar da asara, Babban Bankin ƙasar kansa ya yi asarar fiye da sidi miliyan dubu 60. A watan Fabrairu na 2023 aka ga tsofaffi 'yan fansho zaune a harabar Ma'aikatar Kuɗi suna neman a bar musu ajiyarsu, cikinsu har da tsohuwar Babbar Jojin ƙasar, Sophia Akuffo.

Ba kowane hannun jari ne yake faɗuwa ba, kuma Afirka ta Kudu ta nuna haka. A ƙarshen watan Maris na 2017 Shugaba Jacob Zuma ya sallami ministan kuɗinsa, Pravin Gordhan. Ranar 3 ga Afrilu Standard & Poor's ya tsallakar da ƙasar zuwa ƙasan iyakar nan, Fitch kuma ya bi sahu bayan kwana huɗu. Kuɗin ƙasar, rand, ya faɗi daga wajen 12 da rabi a kan dala zuwa kusan 14, hannun jarin bankuna kuma ya zube. Amma kamfanonin haƙar zinariya da sauran masu samun ribarsu a ƙasashen waje sun tsaya da ƙafafunsu, domin duk dalar da suka samu ta ƙara yawa in aka juya ta zuwa rand. Abin lura kuma shi ne rand ya fara faɗuwa tun daga lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin korar ministan, kwanaki kafin masu awo su ce uffan. Sau da yawa kasuwa takan riga su gani.

Inda maganarsu take da ƙarfin doka shi ne a kan iyakar nan ta tsakiyar tsani. Asusun fansho da kamfanonin inshora da yawa a Turai da Amurka da Japan ƙa'idarsu ta hana su riƙe takardun da suke ƙasa da iyakar. Da Moody's ya sauko da Afirka ta Kudu ranar 27 ga Maris na 2020, sai aka cire takardunta daga wani babban jerin takardun gwamnatocin duniya a ƙarshen Afrilu, masu bin wannan jeri kuma tilas suka sayar, ko suna so ko ba sa so. A farkon Afrilun nan rand ya haura 19 a kan dala, ko da yake annobar korona ma ta taimaka.

ME YA SA AMURKA TA SHA?

Ranar 5 ga Agusta, 2011, Standard & Poor's ya sauko da Amurka daga AAA zuwa AA+, bayan doguwar taƙaddama tsakanin Shugaba Barack Obama da majalisa a kan iyakar bashin da gwamnati za ta iya ci. Da aka buɗe kasuwa ranar Litinin 8 ga wata, ma'aunin Dow Jones ya faɗi da maki 634, watau kashi 5 da rabi cikin 100 a yini guda, zinariya kuma ta haura dala 1,700 a kan kowane oza. Amma wani abin mamaki ya faru. Waɗanda suka gudu daga hannun jari sai suka ruga suna sayen takardun lamunin gwamnatin Amurka, watau ainihin takardun da aka rage wa daraja. Kuɗin ruwan da Amurka take biya ya sauka, dala kuma ba ta karye ba. Daga baya Fitch ya yi irin wannan hukunci a 2023, Moody's kuma a 2025, amma ba a ga ƙofar rance ta rufe ba.

Sirrin abin shi ne Amurka da kuɗinta take cin bashi. Ana bin ta dala, ita ce kuma take buga dala, duniya kuwa ba ta da wata ma'ajiya mai girman tata. Ghana kuwa dala ake bin ta, sidi take tarawa a haraji. Duk lokacin da sidi ya faɗi, bashin yakan ƙara nauyi ba tare da an ranto ko sisi ba, nauyin nan kuma ya jawo wani sabon ragin daraja, ragin ya sake kayar da sidi. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

TO, INA NIJERIYA?

An fara auna Nijeriya a 2006, bayan yarjejeniyar 2005 da ƙungiyar ƙasashe masu ba da rance ta Faris, wadda ta yafe mata dala miliyan dubu 18. A lokacin an ba ta BB-, kuma daga nan ba ta taɓa hawa saman iyakar ba. Ranar 27 ga Janairu, 2023, Moody's ya sauko da ita zuwa Caa1, matakin da ya ba Ghana shekara guda kafin nan, yana mai kafa hujja da ƙarancin kuɗin shiga da nauyin kuɗin ruwa. Ministar Kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, ta ce ba ta yarda da wannan hukunci ba. Bayan 'yan kwanaki aka rage darajar bankuna tara na ƙasar nan.

Naira ba ta motsa a farashin hukuma ba, domin Babban Banki yana riƙe da ita wajen 460 a kan dala, alhali 'yan canji suna sayarwa fiye da 700. An jinkirta ciwon ne kurum, ya fito fili da aka saki naira a watan Yuni. Kasuwar hannun jari ta Ikko kuwa hawa ta yi da kusan kashi 46 cikin 100 a 2023, saboda baƙin da za su firgita sun riga sun ragu, 'yan ƙasa kuma suna neman inda za su ɓoye kuɗinsu daga hauhawar farashi. Amma da yake dala ta kai wajen naira 900 a ƙarshen shekarar, wanda ya yi lissafi da dala asara ya yi. Tsadar rance ita ma a bayyane take. Takardar shekara goma da Nijeriya ta sayar a 2011 ruwanta kashi 6.75 ne. Bayan Maris na 2022 ƙasar ba ta sake shiga kasuwar ba sai Disamba na 2024, inda ta amince da kashi 10.375 a kan irin wannan takarda. A 2025 Fitch da Moody's sun ɗaga ta mataki guda-guda, kamar yadda Fitch ya fitar da Ghana daga jerin waɗanda suka kasa biya a watan Yuni na 2025.

ƘORAFIN AFIRKA

Shugabannin Afirka sun daɗe suna kukan cewa masu awon nan ba sa yi musu adalci, kuma kukan nasu yana da tushe. Waɗannan kamfanoni ne suka ba takardun jinginar gidaje na Amurka AAA kafin su ruguje a 2008, har Standard & Poor's ya biya fiye da dala miliyan dubu 1.3 a 2015 don a kashe ƙarar da aka shigar a kansa. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa rashin daidaito wajen awo ya jawo wa ƙasashen Afirka hasarar da ta kai dala miliyan dubu 74.5. Wannan ne ya sa Tarayyar Afirka ta ɗauki shawarar kafa nata kamfanin awo.

Sai dai ko da an kafa shi, mai ba da rance shi zai zaɓi wanda zai saurara. Saboda haka duk ranar da mai karatu ya ji an ce an rage darajar wata ƙasa, abubuwa uku ya kamata ya bincika kafin ya firgita ko ya yi biris. Da wane kuɗi ƙasar ta ci bashinta, nata ko na wani? Su wane ne suke riƙe da takardunta, 'yan gida ko baƙin da za su iya ficewa cikin dare ɗaya? Sa'an nan kashi nawa na kuɗin shigarta yake tafiya wajen biyan ruwa? Ƙasar da amsoshinta suka yi kyau za ta iya sauraron masu awo ba tare da fargaba ba. Wadda nata suka yi muni kuwa, abin da ya same ta yana nan tafe ko da masu awo sun yi shiru, kuma maganinsa yana ga tara haraji bisa gaskiya, da kashe shi inda ya dace, da kuma sayar wa duniya abin da ya wuce ɗanyen mai ko koko.